Durƙuson Tajuddeen

Da kujera ya zo.

Wannan ce maganar da ta riga kowa shiga gidan Malam Kallamu ranar Asabar da la'asar, tun baƙin ba su bar ƙofar gida ba. Mai neman auren Sadiƙa ya zo gaida iyaye, kuma ya taho da kujerarsa ta roba, fara, a ɗaure bisa rufin adaidaita sahu kamar mai shirin buɗe shagon aski.

Sadiƙa tana tsakar gida tana tsince wake a faifai lokacin da matar maƙwabci ta leƙo ta saman katanga ta ba da labarin. Ba ta rage komai ba, don ba kullum ake samun irinsa a Rijiyar Ɗinya ba.

Dattawan unguwa suna kan tabarma a gindin dalbejiya, Liman a gefe, Malam Kallamu a kan buzunsa. Tajuddeen ya sauko ya taho a miƙe sumul, babu ɗingishin da aka san shi da shi. Ya cire takalmi. Ya sunkuyar da kai. Ya gaida kowa, a tsaye. Daga nan kawunsa ya kwance kujerar ya dasa ta a gaban tabarma, Tajuddeen ya zauna, gwiwoyinsa suka yi daidai da hular Malam Kallamu.

Kawun ya fara bayani a kan likita. Bai kai ƙarshe ba Malam Kallamu ya miƙe ya kakkaɓe buzunsa.

A Rijiyar Ɗinya mutum yana iya matsa iyakar gonar maraya, ya sayar da taki haɗe da yashi, ya riƙe sadakin ƙanwarsa, duk a yi masa uzuri, muddin ya iya durƙuso. Wanda bai iya ba kuwa, ko gari ya ɗauka a kansa ya tsallakar da shi kogi, ba shi da tarbiyya.

Sadiƙa ta ajiye faifan. Ta san takun mahaifinta idan ransa ya ɓaci, ga shi kuma tana jin sa a zaure.

"Ina take?"

Ta zube a gabansa.

"Ga ni, Baba."

"Kin ji abin da ɗan ƙwallonki ya yi mini?"

"Baba, likita ne ya hana shi."

"To, likitan ya ba shi mata."

"Aiki aka yi masa a ƙugu. An ce kada ya tsugunna, kada ya zauna a ƙasa, sai naman wurin ya gama kamawa. In ya yi, abin da aka sa masa zai iya fita daga gurbinsa."

"Ni ya hau sama ya dube ni kamar alƙali! A ƙofar gidana! A gaban Liman!" Ya nuna ƙirjinsa da carbi. "Ni da ubansa muka yi makarantar allo. Ubansa, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa zama sama da ni ba."

 Shekarun Sadiƙa ashirin da bakwai, tana koyar da aji shida a firamaren da ke hanyar Dawakin Tofa, yara suna tsoron kallonta kawai. A gidan nan kuwa har yanzu sai ta nemi izini kafin ta yi fushi.

Ba ta nema ba.

"Baba, lokacin da yake ɗingishi yana durƙusa maka. Da idona na gani, sai an kama shi yake tashi, gumi yana zuba. Ka ce ba za ka ba gurgu ba. Ka ce ya je ya nemi magani. Ya je ya nema."

"Ya nema ya dawo ya fi ƙarfin kowa."

Gaskiyar maganar ita ce Malam Kallamu ya faɗi wancan sharaɗin ne don ya tabbata babu magani. Tajuddeen ne ya yi wautar ɗaukarsa da gaske.

Shekarun baya babu wanda zai ce a Rijiyar Ɗinya akwai ƙofar da za a rufe wa Namba Tara. Haka ake kiransa. Ranar da ya ci ƙauyukan gabas ƙwallo uku a gasar gunduma, a kafaɗa aka kawo shi har ƙofar masallaci. Wani kulob na birni ya ɗauke shi. Da ciwo ya fara masa a matsematsi, mai kula da 'yan wasa ya riƙa yi masa allura kafin kowane wasa. Ya shiga ya buga, ya fito da ƙyar, a sake yi masa wata. A haka kan ƙashin cinyarsa ya mutu a cikin jikinsa, ya marmashe kamar ƙuli-ƙulin da aka taka. Kulob ya sallame shi da addu'a da riga guda. Ya dawo gida da sanda, ya buɗe ɗan shagon iri da maganin feshi a bakin titi. Waɗanda suka ɗauke shi a kafaɗa suka koma kwaikwayon tafiyarsa.

Likitocin ƙashi a birni sun so ya ƙara haƙuri. Sun ce masa ƙugun ƙarfe yana cinyewa kamar kowane abu, mai shekara talatin sai ya yi sa'a zai tsufa kafin ƙarfen ya cinye, kuma duk lokacin da aka sake buɗe wurin sai an ƙara cin ƙashi. Ya ce ya ji. Ya sayar da fegin da ya saya a Ungogo lokacin da duniya take yi da shi. Aka yanke mataccen kan ƙashin, aka soka ƙarfe a cinyar, aka kafa masa sabon gurbi. Ko wata biyu ba a cika ba.

"Ba har abada ba ne, Baba," in ji Sadiƙa. "Sun ce zuwa damina, idan suka duba..."

"Zuwa damina! Bara aka ce zuwa kaka. Ga kaka. Ƙannenki biyu suna ɗakin mazajensu, ke kina nan kina jiran ƙarfe ya nuna." Ya juya zai shiga turakarsa, ya tsaya. "Ba zan yi miki dole ba, ban yi wa kowa ba. Amma ki saurara. Ranar Juma'a bayan an sauko, ya dawo inda ya ci mutuncina, a gaban mutanen da ya ci shi, ya durƙusa ya gaishe ni kamar ɗan kowa. Ya yi, na ba shi. Bai yi ba, kada ya sake taka mini ƙofa. Mutanen Alhaji Abdulkabir sun daɗe suna neman rana."

"Baba, in ya karye fa?"

"Ashe ba a gyara shi ba ke nan."

Ya saki labule.

Inna Amsa, mahaifiyarta, ta jira sai da ta tabbata mijinta ya kunna rediyo. Sannan ta ja Sadiƙa bayan rumbu.

"Ni ba kujerar ce ta dame ni ba."

"To me, Inna?"

Inna ta dubi hagu da dama, ta yi ƙasa da murya.

"Ƙugu fa aka ce. Ƙugun namiji. Ke yarinya ce, ba ki san abin da nake nufi ba."

"Na sani, Inna."

"A'uzubillahi! To in kin sani, kin tabbata zai haihu? A gidan suna jiya an ce duk wanda aka sa wa ƙarfe a nan, shi ke nan. An ce da damina yana tsatsa. An ce in ana tsawa ba a zama kusa da shi."

"Wa ya ce?"

"An ce."

"Inna, likitocin da suka yi shekara da shekaru suna karatu sun ce lafiyarsa ƙalau. Matan gidan suna kuma, waɗanda ba su taɓa ganin ƙofar ɗakin tiyata ba, sun ce zai yi tsatsa. Ke kuma kin zaɓi matan gidan suna."

"Su na sani," in ji Inna. Idonta ya kawo ruwa. "A kan kujera yake salla, Sadiƙa. Saurayi. A sahun tsofaffi. Ki rufa mini asiri."

Washegari Alhaji Abdulkabir ya zo, don labari ba ya kwana bai isa kasuwar Dawanau ba. Ɗan kasuwar hatsi ne, shekarunsa arba'in da 'yan kai, matarsa ta rasu bara waccan. Allah ya ba shi tumbi, ya kuma ba shi gwiwoyi masu biyayya. Tun daga bakin titi yake fara rage tsawo, kafin ya iso tabarma ya zama ɗan dunƙule. Yana durƙusa wa duk manomin da yake shirin karya wa farashi, shi ya sa ya gwanance.

Da ya gama da dattawa ya aika a kira Sadiƙa zaure.

"Malama, na ji abin da ya faru. Wallahi ban ji daɗi ba. Allah sarki Namba Tara! Ni fa masoyinsa ne, har birni na bi shi kallon wasa."

"Allah ya saka."

"Sai dai kin san mota, in aka fara sa mata kayan gyara..." Ya karkata kai cikin tausayi. "Tana tafiya dai. Amma ba a yi mata lodi."

"Alhaji, ni ba buhu ba ce."

"Subhanallahi! Ba haka nake nufi ba."

"Na san abin da kake nufi. Ka gaida gida."

Ya yi dariya, irin ta wanda ya saba a ƙi tayinsa da safe a kira shi da yamma.

"Sai Juma'a, Malama."

Ranar Litinin bayan an tashi daga makaranta ta tarar da Tajuddeen yana jiranta a bakin filin ƙwallon yara, inda aka kafa sanduna biyu a madadin raga. A tsaye yake, jingine da bishiyar maina. Dogo ne, har yanzu da kafaɗun ɗan wasa. Rabon da ta gan shi a miƙe haka ba sanda har ta manta. Da wata rana ce da ta yi kukan murna.

"Kujera, Tajuddeen?"

"Ko sallama babu?"

"Kujera! Wa ya ba ka wannan shawarar?"

"Masu gashin ƙashi na asibiti suka ce duk inda zan je in tabbata akwai wurin zama mai tudu."

"Masu gashin ƙashi sun san Baba? Ba za ka iya tsayawa a tsaye ba? Ba za ka iya turo kawunka tun da safe ya yi bayani ba? Sai ka zo ka ɗare sama kamar hakimi?"

"Na yi tsammanin zai yi murna ya ga ina tafiya." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Wallahi abin da na yi tsammani ke nan. Tun a gadon asibiti nake hango fuskarsa."

Ta faɗa masa sharaɗin Juma'a. Ya saurara har ƙarshe.

"Ki ce masa ba zan yi ba."

"Haka kawai?"

"Kin san abin da aka yi mini, Sadiƙa? Da zarto aka yanke ƙashina. Ina jin ƙararsa, don rabin jikina kawai aka kashe. Ina jin guduma. Saboda maganar mahaifinki na kwanta a wurin nan, alhali likita yana cewa in jira. Yanzu kuma in je in ɓalle shi a gaban 'yan zaman tabarma don su ji daɗi?"

"Kada ka zagi mahaifina."

"Ban zage shi ba. Cewa na yi duk abin da na kawo sai ya ce ba shi ba ne. Na zo da ɗingishi, ya ce gurgu. Na zo a miƙe, ya ce marar kunya. Gobe in na durƙusa zai ce inuwata ta karkace."

"Ya ba da kalmarsa. Baba ba ya janye magana."

"To ya jira damina."

"Ba zai jira ba! Alhaji Abdulkabir yana ƙofar gidanmu jiya!"

"Sai ki aure shi. Gwiwoyinsa lafiya lau."

Hawayen da take riƙewa suka zubo, masu zafi, ba na tausayi ba.

"Ni kake gaya wa haka? Shekara huɗu ina jiranka. Na jira ka gama ƙwallo, na jira ka gama ciwo, na jira ka gama jinya. An kira ni tsohuwar gida a gaban ɗalibaina. An ce aljani ya aure ni. Ƙanwata da na goya ta haihu biyu. Duk ban ce komai ba."

"Ni ma ban..."

"Ka yi shiru! Sau nawa ka faɗi a fili saboda ƙwallo? Sau nawa ka miƙa cinya aka soka maka allura don mutanen da yau ba su san sunanka ba su yi tafi? Ka kashe ƙashinka a kan fatar da aka hura wa iska. Amma sau ɗaya, sau ɗaya tak, ka kai gwiwa ƙasa saboda ni, shi ne ya zama abin da likita ya hana!"

Ya dube ta. Fuskarsa ta mutu gaba ɗaya.

"Haka kika ce?"

"Haka na ce."

"To."

Ya saki bishiyar ya juya. Ta tsaya tana kallon bayansa, yana tafiya a hankali, a miƙe, tsakanin dammunan gero da aka jingine a bakin gonaki. Bai waiwayo ba.

Kafin ta isa gida fushin ya fara hucewa, abin da ke ƙarƙashinsa ya fito. Ita ce ta je asibiti dubiya da ƙawarta. Ita ce ta ji likita yana nuna masa da hannu: kada gwiwa ta wuce ƙugu, kada ka harɗe, kada ka murɗa jiki a kan ƙafar. Ta ji ya ce in ƙarfen ya fita daga gurbinsa sau ɗaya, ya koyi hanya.

Ta kira wayarsa. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake kira, a kashe. Talata a kashe. Laraba ta bi ta shagonsa, a rufe. Ta tura masa saƙo cewa ta janye maganarta, kada ya zo, za ta jira damina, za ta jira damina goma. Saƙon bai shiga ba.

Ranar Alhamis ta sake zubewa a gaban mahaifinta.

"Baba, don girman Allah ka sassauta. Ya gaishe ka a tsaye, ya ba ka haƙuri a gaban kowa."

"Haƙuri a tsaye? Wannan sanarwa ce."

"In wani abu ya same shi fa?"

"Mutum nawa suka mutu a garin nan saboda gaisuwa?"

Ta lissafa a ranta. Babu ko ɗaya.

Ranar Juma'a gindin dalbejiya ya cika fiye da ranar rabon taki. Mutanen da ba su taɓa zama a ƙofar Malam Kallamu ba duk sun tuna suna da zumunci da shi. Alhaji Abdulkabir ya zo cikin farar shadda, ya yi durƙusonsa, aka ba shi gefen tabarma. Sadiƙa tana cikin zaure, bayan ƙyaure, idonta a tsagin katako. Addu'a ɗaya take yi, kada ya zo.

Ya zo. Shi da kawunsa, a ƙafa.

Ya cire takalmi. Wuri ya yi tsit, har ana jin tattabarun gidan Liman.

Ya tsaya a gaban buzun. Ya ja ƙafar dama, wadda aka yi wa aiki, ya mayar da ita baya, ya sauka a hankali a kan gwiwa ɗaya, bayansa a miƙe. Sadiƙa ta saki numfashi. Dabara ce. Wani ya koya masa, ko shi ya zauna ya ƙirƙiro. Gwiwa ta taɓa ƙasa, ƙugu bai lanƙwashe ba.

"Baba, ina wuni."

Malam Kallamu ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Wannan ai na hoto ne. Haka kuke yi a gaban raga in za a ɗauke ku."

Dariya ta ɓarke. Alhaji Abdulkabir ya rufe baki da hannun riga, don shi mai ladabi ne.

"Malam," in ji kawun Tajuddeen, "ai gwiwa ta kai ƙasa."

"Na ce kamar ɗan kowa."

Tajuddeen bai dubi kawunsa ba. Zauren ya kalla, daidai tsagin ƙyauren, kamar ya san tana nan. Sadiƙa ta buɗe baki. Tarbiyyar shekara ashirin da bakwai ta rufe mata shi: mace ba ta magana a majalisar maza.

Ya jawo ƙafar dama gaba. Ya haɗa ta da ta hagu. Ya sauka a kan dugadugansa, gwiwoyi har ƙirji, kai a ƙasa, hannu a kan hannu. Durƙuso cikakke, wanda ko Alhaji Abdulkabir ba zai kushe ba.

Babu abin da ya faru.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau." Malam Kallamu ya gyara zama. Fuskarsa ta saki. Mutum ne da aka mayar masa da abinsa a gaban jama'a, ba kuma ya gaggawar gama jin daɗin. "Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ya mutanen gida?"

"Lafiya ƙalau."

"Ya mahaifiyarka? Ya ƙafar tata?"

"Da sauƙi, Baba."

"Madalla. Ya kaka? An gama yankan gero?"

"An gama."

"Waken fa? Na ji tsutsa ta taɓa na wajenku."

"Kaɗan ne."

"Ya kasuwa?"

Gumi ya jiƙa wuyan rigar Tajuddeen. Sadiƙa tana ganin yatsun ƙafarsa suna kama ƙasa. A zuciyarta tana ihu: ya isa, Baba, ya isa, ka ce ya tashi!

"To, alhamdulillahi," in ji Malam Kallamu. "Ga Liman nan. Ba ka gaishe shi ba."

Liman yana can hannun dama, ɗan baya kaɗan. Kowane yaro a Rijiyar Ɗinya ya san yadda ake yi: ba a tashi, a kan dugadugai ake juyawa, a bi dattawa ɗaya bayan ɗaya. Jikin Tajuddeen ya san wannan tun kafin ya san ƙwallo. Kafin kansa ya tuna maganar likita, jikin ya riga ya murɗa.

Ƙarar ba ta da yawa. Kamar an ciro turmi daga laka. Waɗanda ke nesa ba su ji ba. Sadiƙa ta ji, ko kuma ta gani a bayansa, yadda ya sandare lokaci guda.

Hannunsa ya faɗi ƙasa ya tokare.

"Allah... gafarta Malam," ya ce ta tsakanin haƙora. "Ina wuni."

"Lafiya lau, ɗana. Allah ya yi albarka."

Malam Kallamu ya ɗaga murya yadda na ƙarshen tabarma zai ji.

"To jama'a, kun gani. Ni ba na magana biyu. Ku shaida, na ba Tajuddeen 'yata Sadiƙa. Su turo a sa rana." Ya dubi saurayin da fara'a, irin wadda bai taɓa yi masa ba. "Ka ga abin da ake ta faɗa? Me ya ci ka? Tashi, ɗana."

Tajuddeen bai tashi ba.

"Na ce tashi, ai an gama."

"Baba..." Kansa yana ƙasa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. "Ba zan iya ba."

Ya kife a gefen hagu. Sai a lokacin kowa ya ga ƙafar. Ta gajarce, ta juya ciki, gwiwar tana kallon 'yar'uwarta, tafin yana kwance yadda ƙafar mai rai ba ta kwanciya. Ƙarar da ya yi ta riƙewa ta ƙwace masa.

Tabarma ta watse. Salati ya tashi ta ko'ina.

"Gocewa ce, a ja ta!"

"Ku kira maɗori!"

"Ai dama an faɗa, ƙarfe ba ya zama a jikin mutum."

"Ku riƙe kafaɗar, ni zan ja!"

Wani ƙato har ya sunkuya ya kama idon sawun.

Sadiƙa ba ta san lokacin da ta banke ƙyauren ba. Ta ratsa maza kamar ba ta gan su ba, hijabinta yana jan ƙasa, ta tsaya a kan Tajuddeen.

"Sake shi!"

Ƙaton ya ɗago yana kallonta.

"Na ce sake shi! Wallahi duk wanda ya ja ƙafar nan sai na kai shi gaban hukuma, ko uban wa ye shi! Ba ku gaji ba? Kallo kuka zo, kun gani! Kawu, a nemo mota, a cire ƙyauren can a ɗora shi a kai. Kada wanda ya lanƙwasa shi!"

Ba a taɓa jin muryar mace a gindin dalbejiyar nan ba. Mamaki ya sa aka bi umarninta.

Ta durƙusa kusa da kansa. Idanunsa a rufe, leɓɓansa sun yi fari.

"Na ce kada ka zo," ta ce, kuka yana sarƙe ta. "Na turo maka. Na janye, Tajuddeen, na janye!"

"Ya ba ni?" ya ce da ƙyar.

"Ya ba ka."

"A gaban kowa?"

"A gaban kowa, wawa kawai, a gaban kowa!"

Inuwa ta rufe su. Malam Kallamu ne a tsaye, carbinsa ya faɗi bai sani ba. Yana kallon ƙafar, yana kallon 'yarsa. Da ya yi magana, muryar ba ta mai gida ba ce.

"Sadiƙa... me ya same shi?"

Ta ɗago. Ba ta sunkuyar da kai ba, ba ta share hawayen ba.

"Gaishe ka ya yi, Baba. Ai ka amsa."